Wasiƙa ga ɗana da yake son ajiye kaki

Assalamu alaikum, ɗana. Muna nan lafiya. Mahaifiyarka ta ce an ɗauke yaranka an ba wani hafsa, har kana maganar ajiye kaki. Dakata tukuna. Ka san tsohon malamin tarihi ba ya rasa labari.

A zamanin da, a tsakiyar kudancin Girka akwai ƙasar Arkadiya: duwatsu, awaki, babu bakin teku, noma ba ya ci da gida. Sai samarinta suka riƙa fita ci-rani da mashi da garkuwa, suna yi wa sarakuna yaƙi ana biyansu. A shekara ta 401 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da Yarima Sairus ya tara Girkawa sama da 10,000 don ƙwace gadon Farisa daga hannun wansa, 'yan Arkadiya suka fi kowa yawa.

Babbansu Zeniyas ne, mutumin Farrasiya ta Arkadiya, wanda ya iso birnin Sardis, inda Sairus ke tara rundunarsa, da sojoji 4,000. A kan hanya, a birnin Tarsus, sama da 2,000 daga yaransa da na wani hafsa Fasiyon suka kwashi makamansu suka koma sansanin wani janar, Kiliyakus ɗan Sparta, Sairus kuma ya bar masa su. Abin ya tsaya wa Zeniyas a rai. Ana isa tashar Miriyandus, su biyun suka loda dukiyarsu a jirgin ruwa suka sulale, alhali matansu da 'ya'yansu suna garin Tiralis a hannun Sairus. Sairus ya ce ba zai bi su ba, ba kuma zai taɓa iyalinsu ba. Daga nan ba a sake jin ɗuriyar Zeniyas a tafiyar ba.

An ci masa fuska, ban musa ba. Amma dubi ɗan ƙasarsu Kiliyano na Orkomenus. Da aka kashe Sairus a yaƙin Kunaksa, wansa sarkin Farisa ya aiko Girkawa su miƙa makamai, dattijon nan ya ce gara mutuwa. Da aka yaudari janar biyar aka kama, har da Agiyas ɗan Arkadiya, Kiliyano aka zaɓa ya maye gurbin Agiyas. Yana cikin waɗanda suka keta ƙanƙarar Armeniya da rundunar har Bahar Aswad.

Kada ka rubuta takardar ajiye kakin nan sai ka zo gida da Sallah mun zauna. Kafin nan, je ka wurin hafsan, ka faɗa masa halin kowane yaro, musamman wanda ka ce ƙafarsa na ciwo.

Allah ya yi maka albarka.
Mahaifinka.