Ga iyaye da ɗalibanmu na ƙetare: maganar karatun bazara a Italiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu maza da mata, yayye da ƙanne da ke Ingila da Amurka da Jamus da Faransa da duk inda neman halal ya kai mu, kwamitin ilimi na ƙungiyarmu ta 'yan asalin Kano yana gaishe ku da fatan alheri. Ina gajiya, ina sanyi, yaya iyali? Allah ya ƙara rufa asiri.

A zamanmu na ƙarshe iyaye uku suka kawo magana iri ɗaya. Yaransu da ke jami'a sun zo musu da takardar tafiya Italiya a dogon hutun bazara, mako huɗu zuwa shida, wai za a koyi harshe da girki da tarihin zane da gine-gine. Wani dattijo a cikinmu ya ce shi bai ga abin da zai sa 'yarsa ta ƙetare ƙasashe don koyon dafa taliya ba, ga mahaifiyarta a gida. Maganarsa tana da kama hankali, domin kuɗin ba kaɗan ba ne. Aka ɗora min bin diddigin lamarin, ga kuma matsayar kwamiti: a bar yaran su je, amma a zauna da su a zaɓi inda za su da abin da za su ɗebo.

Shirin iri biyu ne. Akwai wanda jami'ar yaro ce ke shirya shi, ta kwashi ɗalibanta da malaminsu, ta kama musu masauki, sakamakon kuma ya shiga lissafin digirinsu. Wannan ya fi kwanciyar hankali, ya kuma fi tsada. Akwai kuma wanda ɗalibi zai yi rajista da kansa a jami'o'in da Italiya ta keɓe wa baƙi. Ta Perugia an kafa ta a 1925, ta Siena kuwa asalin darussanta tun 1917. Perugia ce ke ba da takardar shaidar iya harshe mai suna CELI, Siena na ba da CILS, kuma hukuma ta san da duka biyun. 'Yan uwanmu da ke zaune a Italiya su ne shaida, domin tun ƙarshen 2018 mai neman zama ɗan ƙasa ta hanyar aure ko daɗewar zama sai ya nuna ya kai matakin B1, wato matsakaicin mataki na iya Italiyanci.

In don harshe za a je, ni dai Perugia ko Siena nake ba da shawara. A Fulorens da Rum 'yan yawon buɗe ido sun cika gari, mai shago na ganin baƙo zai juya Turanci, sai yaro ya yi mako shida ya dawo da gaisuwa kawai. A Perugia kuwa aji ɗaya za ka tarar da ɗan Sin da ɗan Masar da ɗan Brazil, ba abin da ya haɗa su sai Italiyanci, dole baki ya buɗe. Yaranmu da suka taso da Hausa a gida suna da sa'a a nan: Italiyanci ana karanta shi kusan yadda aka rubuta, yana kuma da nanata baƙi irin namu. Wanda kunnensa ya saba rarrabe "baba" da "babba" ba zai sha wuyar rarrabe pala da palla ba.

Abin da ya fi motsa ni shi ne sunan garinmu ya riga mu isa ƙasar nan. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, 'yan fashin teku suka kama shi aka kai shi wurin Paparoma Leo na Goma a Rum. A can ya kammala littafinsa na bayanin Afirka a 1526, da Italiyanci, aka buga shi a Venis a 1550. A ciki ya ambaci Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Zamfara da Agadas, ya siffanta Kanawa da masu sana'a da fatauci. Masana sun yi saɓani kan ko ya taka ƙasar Hausa da ƙafarsa ko labari ya ji, amma shekaru aru-aru ta bakinsa Turai ta san mu. Yau kuma a jami'ar L'Orientale da ke Napoli, wadda aka kafa a 1732, ana koyar da Hausa. Yaron da ke jin nauyin yin Hausa a gaban abokansa a Landan, bari ya je ya ga Bature yana fama da karin sautinta don ya ci jarrabawa.

Sai maganar fata. Shekarun baya aiki ya kai ni Fulorens, na shiga makarantar dukanci da ke bayan cocin Santa Croce, ana kiranta Scuola del Cuoio. An buɗe ta bayan Yaƙin Duniya na Biyu don a koya wa marayun yaƙi sana'a. Ina sa ƙafa ƙanshin fata ya buge ni, nan take na tuna Ƙofar Wambai. Na tsaya kan wani dattijo yana fere gefen fata da 'yar wuƙa har ta yi sirantar takarda, ya naɗe bakin, ya daddanna da ƙashi, sannan ya ɗauki ƙarfe mai zafi ya buga adon ruwan zinariya. Hannunsa bai fi na dukawanmu ba, wallahi. Inda suka tsere mana shi ne gamawa da awo da suna. Kuma kowa ya sani fatun da ake jemewa a Kano, Italiya na cikin manyan masu sayensu. Muna sayar da kirgi, su sayar da jaka. In yaro ɗaya cikin goma ya dawo da wannan takaici a ransa har ya yi wani abu a kai, kuɗin jirgi ya fita.

Darasin tarihin zane a kan ƙafa ake yin sa. Malami zai tsayar da su ƙarƙashin ƙubbar babban cocin Fulorens, wadda magini Brunelleschi ya gina tsakanin 1420 da 1436, bulo sama da miliyan huɗu, ba tare da katakon tallafi daga ƙasa ba, ya nuna musu yadda aka jera bulon yana riƙe da junansa. Mai karatun injiniya ko zanen gini zai ƙaru ƙwarai. Ba za mu ɓoye wa iyaye ba, a gidajen tarihi irin su Uffizi da Accademia akwai mutum-mutumi da zane-zane na tsiraici, kuma coci-coci ne ajin darussa da yawa. A yi wannan magana da yaro tun a gida, a nemi jadawalin darasin a karanta. Wanda ransa bai kwanta ba yana da zaɓi, ya nufi Sisili, inda tarihin Musulunci ya bar sawu. Musulmi sun shiga tsibirin Sisili a 827, suka karɓi Palermo a 831, mulkinsu bai ƙare gaba ɗaya ba sai 1091. Sarakunan Norman, Turawa Kiristoci da suka gaje su, sun ci gaba da aiki da magina da malaman Musulmi: rufin ɗakin ibadar fadar Palermo ado ne irin na Musulunci, da rubutun Larabci a jikinsa, kuma a fadar nan malamin ilimin ƙasa al-Idrisi ya kammala taswirar duniya ga sarki Roger na Biyu a 1154. Al-Idrisin ne ma ya ba da labarin garin Trabia na Sisili, inda ake yin taliya ana lodawa a jiragen ruwa zuwa ƙasashe. Ɗalibin da ya zaɓi Sisili zai ci kuskus da kifi a Trapani ya ji kamar ya san wurin.

Abinci shi ne inda iyaye mata suka fi nuna damuwa, kuma da gaskiyarsu. Alade ya shiga girkin Italiya ta ƙofofi da yawa. Kalmomin da yaro zai haddace kafin ya hau jirgi su ne maiale, wato alade, da prosciutto da pancetta da guanciale, duk namansa ne, sai strutto, kitsensa, wanda ke ɓuya cikin wasu burodi da kayan fulawa. Ana zuba giya a shinkafar risotto da wasu kayan zaƙi. Shirye-shiryen girki da yawa, musamman a Tuskani, suna haɗawa da ziyarar gonar inabi da ɗanɗana giya, wani lokacin har da maki a kai. Ɗalibi ya rubuta wa mai kula da shirin tun kafin ya biya ko sisi, ya tambaya ko za a ɗauke masa wannan a ba shi wani aiki, ya kuma ajiye amsar a rubuce. In sun ƙi, a nemi wani shirin. Kifi da ganye da wake da taliya da tumatir sun ishi mutum, mahautan halal kuma suna nan a manyan garuruwa, galibi kusa da tashar jirgin ƙasa. Wanda ke Rum kada Juma'a ta wuce shi a babban masallacin da aka buɗe a 1995.

Ga dattijonmu mai maganar taliya: Baba, abin koyon ya wuce tukunya. A yankin Parma ana zuba madara wajen lita 550 a fitar da dunƙulen cuku ɗaya na Parmigiano Reggiano, a ajiye shi aƙalla wata 12, mai duba ya bubbuga shi da 'yar guduma ya saurari ƙararsa kafin a buga masa hatimi. Doka ta hana wani a Tarayyar Turai ya sayar da cukunsa da wannan suna in ba a yankin aka yi shi bisa ƙa'ida ba. Da haka makiyayi da mai sarrafawa suke cin moriyar sunan garinsu. A Pollenzo har jami'a guda aka buɗe a 2004 don ilimin abinci, ƙarƙashin tafiyar kare abincin gargajiya mai suna Slow Food da Carlo Petrini ya fara a 1986. Ina so 'yarku ta ga wannan, ta dawo ta tambaye mu me ya hana a yi wa kilishi da daddawa da fura irin wannan gata.

Takardu kuwa, da zafi-zafi akan daki ƙarfe. Yawancin jami'o'i suna rufe karɓar masu nema tun tsakanin Janairu da Maris. Mai fasfo ɗin Amurka ko Ingila ba ya buƙatar biza in zaman bai wuce kwana 90 ba, haka mai takardar zama a wata ƙasar Schengen, wato ƙasashen Turai da suka buɗe wa juna iyaka, irin su Jamus da Faransa. Amma yaronmu mai koren fasfo da ke karatu a Ingila ko Amurka sai ya nemi biza, izinin zamansa na can ba ya shigar da shi Italiya. Ana karɓar takardun tun wata shida kafin tafiya, ana kuma neman inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, layin ganawa kuwa yana cika da wuri gab da bazara. Ɗaliban da ke da shaidar zama 'yan Amurka kuma suke karɓar tallafin karatu na gwamnati mai suna Pell su nemi tallafin Gilman na karatu a ƙetare, yana kaiwa Dala 5,000. Na Ingila su tambayi ofishin jami'arsu game da tallafin karatun ƙetare na Turing, na Tarayyar Turai kuma na Erasmus. A tambayi sashen yaro a rubuce ko zai amshi sakamakon, kada a dawo a ji wani zance. Yuni da Yuli sun fi. A Agusta zafi ya kai maƙura, gidaje da yawa ba na'urar sanyaya ɗaki, shaguna kuma kan rufe a kwanakin hutun 15 ga wata.

Kwamiti ba ya son a ce maza su je, mata su zauna. Abin da za mu tsaya a kai shi ne masauki: ɗakin mata zalla, ko gidan iyalin da aka bincika, kuma in da hali su tafi su biyu.

'Yan uwanmu mazauna Italiya, a nan muke roƙonku. Da yawa cikinku ta Agadas da Libiya da teku kuka shiga, kun ga abin da ba ya faɗuwa kafin ku tsaya da ƙafarku. Yaran nan za su sauka ta filin jirgi da takarda a hannu, ba su san wannan ba, kuma ya kamata su sani. Wanda zai iya tarar ɗalibi a tasha, ko ya kira shi cin tuwo ranar Lahadi, ko ya zama wanda za a buga wa waya in wani abu ya taso, ya ba wakilin yankinsa sunansa da garin da yake. Ɗalibai kuma, ku kai musu ziyara da tsaraba, ku durƙusa ku gaishe su yadda aka koya muku.

Iyayen da yaransu ke da niyya su sanar da wakilinsu kafin zama na gaba, tare da takardar shirin da jimillar kuɗin, don a duba wanda asusun ilimi zai iya tallafa wa da kuɗin jirgi. Duk wanda aka tallafa wa zai tsaya gaban taro bayan dawowarsa ya ba da bayanin abin da ya gani, kuma da Hausa zai yi.

Wassalam.

Sakataren kwamitin ilimi, a madadin shugabannin ƙungiya.