Wasiƙa Kan Dukiyar Aure da Gadon Mata a Atina da Rum

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya tare da iyali, kuma kun fara sabawa da sanyin can. Saƙonka ya iso, na ga kana tambaya ko da gaske matan Girkawa da Rumawan dā duk a kulle suka rayu. In kana son gane lamarin, bi sawun dukiyar aure, domin ita ke nuna wanda ke riƙe da mace.

Kada ka ɗauke ta a matsayin sadaki. A wajensu uban amarya ne ke ba ango kuɗi ko kadara. Ta fi kama da gara, sai dai ita ana ƙididdige ta a gaban shaidu.

A Atina, birnin Girkawa, shekaru 400 zuwa 500 kafin Miladiyya, akan aurar da yarinya tana da shekara 14 ko 15 ga mai kusan 30. Tana ƙarƙashin waliyyi tun daga haihuwa: uba, sai miji, in ya rasu sai ɗanta. Doka ta hana ta ƙulla cinikin da ya wuce kuɗin awo ɗaya na sha'ir, wajen lita 52. Miji ke juya dukiyar auren, amma ran da ya sake ta dole ya mayar wa waliyyinta, in ya yi jinkiri kuwa sai kuɗin ruwa na kashi 18 cikin ɗari a shekara ya hau kansa. Wannan ne garkuwarta, shi ya sa wadda aka kai ɗaki hannu rabbana ba ta da abin da zai sa miji ya yi tunani kafin saki.

Abin da ya fi taɓa mini rai shi ne halin 'yar da ubanta ya mutu bai bar ɗa namiji ba. Gadon bai zama nata ba, ita ce ke tafiya da shi. Namiji mafi kusa a dangin uba, sau da yawa baffanta, shi ke da haƙƙin aurenta, har ana iya raba ta da mijinta saboda haka, don dukiyar ta sauka kan ɗan da za ta haifa.

Zaman gida kuwa na masu hali ne. Matan talakawa suna sayar da burodi da kayan miya a kasuwa, wasu na ungozomanci, wasu na shayar da 'ya'yan mutane. Kuma Atina ba ita ce Girka duka ba. A garin Gortin na tsibirin Karita, dokar da aka sassaƙa a jikin bango ta ba ɗa namiji kaso biyu, 'ya mace kaso ɗaya, lissafin da ba baƙo ba ne a kunnenka. A birnin Sparta, masanin falsafa Aristotal ya ce kusan kashi biyu cikin biyar na ƙasar na hannun mata.

A Rum aure iri biyu ne. A na farko mace na fita daga ikon uba ta shiga ikon miji, ita da abin da ta mallaka. Zaman shekara guda cur a gidansa ma yana jawo haka, sai dai dokar da aka rubuta wajen 450 kafin Miladiyya ta bar ƙofa: in ta kwana uku a jere a wajen gidan kowace shekara, lissafin ya katse. Daga baya irin na biyu ya rinjaya, inda take zama a ikon ubanta ko tana gidan miji. Uba na mutuwa sai ta ci gadonta ta riƙe abinta, da mai kula da zai sa hannu a manyan ciniki. Sarki Agustus ya cire ma wannan ga macen da aka haifa 'ya, ba baiwa ba, in ta haifi uku, da 'yantacciyar baiwa da ta haifi huɗu.

Rigima a wajen saki take. Dukiyar da aka bayar kuɗi ana mayar da ita kashi uku, shekara-shekara. In daga ɓangaren matar rabuwar ta fito, miji na riƙe sudusi a kan kowane ɗa, amma ba ya wuce rabi. Zina ma sudusi ce, ƙaramin laifi sumuni. 'Ya'ya kuwa na uba ne, wannan ba ta da ta cewa a kai, komai arzikinta.

Matan Rum ba sa jefa ƙuri'a, ba sa riƙe sarautar mulki, amma dukiyar ta ba su baki. A shekara ta 42 kafin Miladiyya aka ɗora wa attajiran mata 1,400 harajin yaƙi, wata mata mai suna Hortensiya ta tsaya a dandalin birni ta ƙalubalance shi, aka rage su zuwa 400.

Ka gaida uwargida da yara. Ina jiran amsarka.

Naka,
Amininka