Takwas da takwas ba sha shida ba ne: amsa ga mai shagon waya a Farm Centre

Assalamu alaikum Alhaji,

Tambayarka ta iso ni, kuma tunda a bainar jama'a ka yi ta, a nan zan ba ka amsa. Ka ce kamfani ya buga 16GB da manyan haruffa a jikin kwali, ya sa 8+8 a ƙasa, ni kuma ina gaya wa mutane cewa RAM ɗin wayar giga takwas ne kacal. Ka ce shin na fi kamfanin sanin abin da ya ƙera ne, kuma idan mai saye ya tsaya a gaban gilashinka ya tambaye ka RAM nawa ne, me za ka ce masa?

Ka ce masa takwas. Lambar farko ita ce RAM, wato wurin da waya ke riƙe abin da take aiki da shi a daidai wannan lokacin. Ta biyun da ke bayan alamar tarawa wani yanki ne aka yanko daga ma'adanar wayar, wato wurin da hotuna da bidiyo suke zama, wanda a kasuwa kuke kira memori, aka ce ya riƙa taya RAM aiki. Babu wani ƙarin ƙarfe da aka liƙa a kan allon injin. Kowane kamfani da sunan da ya raɗa masa: Tecno na cewa Memory Fusion, Infinix na cewa MemFusion, Samsung na cewa RAM Plus, Xiaomi na cewa Memory extension, vivo kuma Extended RAM. Tun wajen 2021 abin ya fara yaɗuwa a wayoyin Android. Dabarar kanta tsohuwa ce ƙwarai, kwamfutar Atlas ta Jami'ar Manchester a Ingila ta yi aiki da ita tun a 1962, kuma duk kwamfutar Windows da ke ofis tana yin haka har gobe. Sai dai ba ka taɓa ganin mai sayar da kwamfuta ya haɗa wannan lissafin ya rubuta a kwali ba. A waya ne kawai aka mayar da shi talla, kuma wannan ne abin da nake ƙi.

Ka ɗauki shagonka. RAM shi ne kantar da ke gabanka, abin da ke kanta hannu kawai za ka miƙa. Ma'adana ita ce sito a bayan layi. Idan ka share wani lungu a siton ka ce daga yau sunansa kanta, faɗin kantarka bai ƙaru da ko taƙi ɗaya ba, kuma duk abin da ka ajiye a can sai ka tashi yaro ya ɗauko.

Ga lissafin a lambobi. Firosesa ita ce ƙwaƙwalwar da ke gudanar da ayyukan waya. Firosesar Helio G85 ta kamfanin MediaTek, wadda ta fito a 2020 kuma ita da 'yan uwanta suka cika wayoyi masu sauƙin kuɗi, tana aiki da RAM nau'in LPDDR4X mai iya wuce da bayanai kimanin giga 14 a daƙiƙa ɗaya. Ma'adanar da ake haɗa ta da ita nau'in eMMC 5.1 ce, wadda iyakar gudunta a takarda mega 400 ne a daƙiƙa (mega dubu ne giga ɗaya), a aikace ma ba ta kaiwa. Tazarar ta haura ninki talatin. Helio G99 ta 2022 ta fi dama, RAM ɗinta na kaiwa kimanin giga 17 a daƙiƙa, ma'adanarta UFS 2.2 kuma tana kusantar giga ɗaya. Duk da haka ninki goma sha wani abu ne tsakaninsu. Wannan ma idan babban fayil guda ake karantawa a jere kenan. RAM kuwa ba haka yake aiki ba, ƙananan gutsattsari yake nema nan da can, yawanci masu girman kilobayit huɗu, kuma a irin wannan tsince-tsincen ne ma'adana ta fi rauni. RAM na amsa kira cikin abin da ya kai kashi ɗaya bisa miliyan goma na daƙiƙa, ma'adana kuwa jinkirinta ya ninka haka sau ɗaruruwa, har ya kai dubu. Shi ya sa firosesa ba ta gudanar da manhaja kai tsaye daga wancan yankin. Dole sai an kwaso abin an dawo da shi cikin RAM na gaske tukuna, kuma kafin a samar masa wuri sai an fitar da wani abin.

Akwai abin da ya kamata ka sani game da yadda Android ke tafiyar da RAM tun kafin wannan tallar. Tun Android 4.4 ta 2013 akwai abin da ake kira zRAM: idan wuri ya fara ƙurewa, sai wayar ta matse bayanan manhajojin da ba a taɓa su kwanan nan ba, ta ajiye su a dunƙule cikin RAM ɗin kansa. Idan hakan bai isa ba, sai wani ɗan aiki na cikin tsarin ya fara kashe manhajojin da ke baya, yana farawa da wadda aka fi daɗewa ba a buɗe ba. Bayanan da Google ya rubuta wa masu haɗa manhaja sun faɗa ƙarara cewa Android ba ta mayar da ma'adana wurin sauke kayan RAM kamar yadda sauran 'yan gidan Linux, tsarin da aka gina Android a kai, ke yi, saboda yawan rubutu yana cinye ta ya rage mata kwana. Kamfanonin waya ne suka ƙara wannan mataki daga baya: abin da ya daɗe a dunƙule ba a nema ba, a tura shi ma'adana maimakon a kashe manhajar.

To, ba zan zalunci wannan ƙarin RAM ɗin ba, yana da amfani guda ɗaya na gaske. A wayar da RAM ɗinta giga uku ne ko huɗu, mutum na cikin manhajar banki zai tura kuɗi, ya fita ya duba lambar sirri da aka turo masa ta saƙo, ya leƙa WhatsApp ya kwafo lambar asusu, ya dawo ya tarar manhajar ta koma farko tana neman ya sake shiga. Ƙarin nan na iya rage faruwar haka, domin manhajar tana nan a ajiye, sai dai ta ɗan yi jinkiri kafin ta farfaɗo. Iyakarsa kenan. Ba ya sa waya ta buɗe kyamara da sauri, ba ya sa bidiyo ya daina tsinkewa, ba ya ƙara wa intanet gudu. Kuma sau da yawa ba ƙarancin RAM ne ke kashe manhajar bankin ba, tsarin tanadin batir ne. Maganin wannan yana cikin Settings: a shiga Apps, a zaɓi manhajar, a shiga Battery, a cire mata takunkumi, sannan a buɗe jerin manhajojin da ke baya a danna mata alamar kwaɗo don kada a share ta.

Inda abin ya fi ba ni haushi shi ne wajen samari masu wasan gem. Yaro ya tara kuɗinsa wata da watanni don ya buga eFootball ko PUBG Mobile ko Call of Duty Mobile, ya ga 4+4 an rubuta 8GB, ya saya da murna. Gem mai tafiya a hoto sittin cikin daƙiƙa yana da ƙasa da kashi 17 cikin dubu na daƙiƙa ya zana kowane hoto. Zanen filin wasa, rigunan 'yan wasa, taswira, duk dole su kasance cikin RAM na gaske, domin sashen da ke zana hoto ba ya jiran a ɗauko masa kaya daga ma'adana. A giga huɗun nan, Android da kwalliyar da kamfani ya ɗora mata sun riga sun kama kusan rabi kafin yaron ya buɗe komai. Gem ɗin zai yi ta sanƙarewa daidai lokacin da aka yi cunkoso a allo, wayar ta ɗau zafi, firosesa ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. A zafin Kano na watan Afrilu, da ake haura digiri 40, ga kuma caja a jiki, rage gudun nan yana zuwa da wuri. Yaron zai dawo shagonka ne yana cewa ka sayar masa da waya mai matsala, alhali wayar lafiyarta ƙalau, lambar da ke kwalin ce ta yi masa alkawarin da ba za ta iya cikawa ba. Kamfanin yana can nesa, kai ne za ka sha surutun.

Kana da haƙƙin ka ce kada in tsorata mutane, don haka ga gaskiyar maganar lalacewa. Ƙwayoyin ma'adana suna da iyakar sau nawa za a goge su a sake rubutawa, wannan tabbas ne. Amma tsarin Linux da Android ke kai yana da hanyar ƙayyade yawan abin da za a tura can, saboda haka ba na cewa waya za ta mutu cikin shekara don an kunna wannan abin. Asarar da ake gani da ido ita ce ta wuri. Waya mai giga 64, tsarin wayar ya ci nasa kason, ka kuma ware huɗu ga ƙarin RAM, sannan zaurukan WhatsApp suna ta zubo bidiyon biki da wa'azi dare da rana. Ma'adana idan ta kusa cika rubutu a cikinta yana yin nauyi, wayar gaba ɗaya ta rage gudu, har wancan ƙarin da ake taƙama da shi. Wanda ya shiga WhatsApp, ya je Storage and data ya kashe saukar da bidiyo kai tsaye, ya bar aƙalla kashi ɗaya cikin biyar na ma'adanar a sake, ya fi wanda ya ɗaga ƙarin RAM zuwa ƙarshe samun sauƙi.

Yanzu ga yadda za ka tabbatar da kanka, a kan kantarka, cikin minti biyar. Shiga Settings, sannan About phone, ka nemi Build number ka danna shi sau bakwai a jere. Zai nemi lambar buɗe waya, daga nan Developer options zai bayyana, yawanci a ƙarƙashin System. A ciki ka buɗe Memory ko Running services. Jimillar da za ka gani ita ce ta gaske, kuma za ta ɗan gaza abin da aka rubuta: mai giga huɗu zai nuna wajen 3.7, mai takwas wajen 7.5, saboda an keɓe wani kaso ga sashen sadarwa da na hoto. Wannan ragin ba ha'inci ba ne. Manhajoji irin su CPU-Z da DevCheck za su nuna maka wannan lambar tare da sunan firosesa. Ka kuma buga *#06# ka gwada lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, da ta jikin kwali, musamman a wayar da aka riga aka yi amfani da ita, domin jabun wayoyi suna iya rubuta duk lambar da suka ga dama a About phone. Bayan haka ka kashe ƙarin RAM ɗin, ka sake kunna wayar tunda sai da haka sauyin ke kamawa, ka buɗe kyamara da WhatsApp da TikTok da shafuka biyar a Chrome, ka riƙa yawo a tsakaninsu. Ka kunna shi ka maimaita. A waya mai giga takwas na gaske da wuya ka ga bambanci, shi ya sa nake ba masu irinta shawarar su kashe shi ko su bar shi a mafi ƙanƙanta. A mai giga huɗu, a bar shi a biyu ya wadatar.

Idan mai saye ya ce ka zaɓar masa, ka fara da lambar farko. Giga huɗu na mai kira da WhatsApp ne da ɗan kallon bidiyo. Shida shi ne mafi ƙarancin da zan yarda mai sana'a da waya ya saya, irin mai karɓar kuɗi da tura kuɗi ko mai tallar kaya a intanet. Mai gem ya nemi takwas. Daga nan ka duba nau'in ma'adana, abin da kusan ba a taɓa rubutawa a gaban kwali ba alhali shi ke sa waya ta ji sauƙi a hannu: UFS ta fi eMMC nesa ba kusa ba wajen buɗe manhaja da girka ta. Sai firosesa. G85 an ƙera ta a ma'aunin nanomita 12, G99 a nanomita 6, kuma wannan bambancin yana fitowa a zafi da cin batir. Sai ka tambayi shekara nawa kamfanin ya yi alkawarin turo sabuntawar tsaro, tunda wayar nan da ita ake shiga banki. Waya mai 6GB zalla da UFS 2.2 da G99 ta fi mai 4+4 da eMMC da G85, ko da ta biyun ce kwalinta ke ihun 8GB.

Na san inda takalmin ke matsa ka. Maƙwabcinka zai ce sha shida, kai ka ce takwas, mai saye ya wuce wurinsa yana ganin ya samu ninki biyu a kuɗi ɗaya. Ba na raina wannan, ciniki ne da abincin iyali. Abin da nake roƙonka shi ne ka canza 'yar takardar da kake liƙawa a jikin kowace waya a gilashi. Ka rubuta RAM 8, a ƙasa ka sa ƙarin aro daga memori har 8, sannan nau'in ma'adana da sunan firosesa. Wanda ya ce maƙwabci ya ce sha shida, ka karɓi wayar ka buɗe masa Developer options ya karanta lambar da idonsa, ka ce ya je can ma a buɗe masa.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka. Wassalam.