Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Ƙaramar Hukumarmu: Ina Tankin 'Yan Firamare?

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa.

Ni ce malamar aji uku a makarantar da aka kafa maka rumfa ranar 22 ga Maris, Ranar Ruwa ta Duniya. Da bakinka ka ce kafin ruwan farko ya sauka za a gyara mana burtsatse, a sa indararo da tanki mu riƙa tarar ruwan sama. Damina ta zo ta wuce. Muna ji muna gani ruwan kwanon azuzuwa ya bi kwata. Allon da ke ɗauke da hotonka kuwa, masha Allah, yana nan daram.

Yaran nan ba sai an gaya musu ana wahalar ruwa ba; rabinsu sai sun yi sawu biyu a rijiya kafin su zo, shi ya sa suke makara. Abin da ya rage a koya musu tattalinsa, shi kuwa ba ya shiga da alli. Na sa sun yanka gora, suka jera tsumma da gawayi da yashi da tsakuwa, muka zuba ruwan kududdufi. Da ya fara ɗigowa garau, ajin ya yi tsit. Na dai ja kunnensu: sai an tafasa kafin a sha. Washegari kowa ya yi alwala a kan roba muka auna. Wani ya ƙarar da buta biyu! Da suka ji Annabi (SAW) da abin da bai cika buta ɗaya ba yake alwala, sai gasa ta tashi. Ruwan robar muka riƙa ba zogalen da suka shuka.

Duk ruwan nan a albashina nake saye wajen mai garuwa. Watan da aljihu ya gaza, zogalen ya bushe, wata yarinya har da hawaye. Me zan ce mata?

Audu Bako ya gina Tiga da Bagauda, har yau ana yi masa addu'a. Mu ba dam muka roƙa ba. Maganar bayi da kujeru ma na bar ta sai wani jiƙon.

Don Allah, ranka ya daɗe, a turo mai gyara ya duba burtsatsen, a kawo tankin kafin bazara. Yara sun riga sun share inda za a ajiye shi.

Taka,
Wata malamar firamare