A Daina Koya Wa Yara Ninkawa Ido Rufe

Malam Edita,

Ni malamin lissafi ne a wata sakandare a Zariya, kuma yadda muke koyar da darasin yiwuwa yana ci mini tuwo a ƙwarya. Muna ce wa yara in ana neman yiwuwar abubuwa biyu su faru tare, a ninka wannan da wancan. Sharaɗin cewa dole ya zama ba ruwan ɗaya da ɗaya kuwa, a gurguje muke faɗa, su ma a gurguje suke mantawa.

Irin wannan ganganci yana cikin abin da ya kai wata uwa kurkuku. A 1999 wata kotu a Ingila ta sami lauya Sally Clark da laifin kashe jariranta biyu. Likitan yara Roy Meadow ya gaya wa kotu cewa a gida irin nata, yiwuwar jariri ya mutu kwatsam 1 ce cikin 8,543. Don mutuwar jarirai biyu, sai ya ninka 8,543 sau 8,543, ya fito da kusan 1 cikin miliyan 73. Haba! Yaran nan uwa ɗaya uba ɗaya ne, gida ɗaya. Ciwon gado da ya ɗauke na fari zai iya ɗauke ƙaninsa. Ƙungiyar masana ƙididdiga ta Birtaniya ta yi fatali da lissafin a 2001. An saki Clark daga kurkuku a 2003, bayan an gano wani sakamakon gwajin asibiti da ba a nuna wa kotu ba. Ta rasu a 2007.

Gyaran ba wuya. Tun ƙarni na 19 masanin lissafi George Boole ya yi aiki a kai, Maurice Fréchet na Faransa ya tsara shi a 1935. Ko ba ka san yadda abubuwan suke haɗe ba, kana iya yi musu iyaka. A ce yiwuwar ɗaya kashi 70 cikin 100 ce, ɗayan 60. Faruwarsu tare ba za ta wuce ƙaramin ba, wato 60. Ba za ta kuma gaza 30 ba: a tara su, a cire 100. Mai ninkawa zai buga ƙirji ya ce 42, alhali abin da ya sani kawai shi ne tsakanin 30 da 60. A shari'ar Clark, iyakar sama ita ce 1 cikin 8,543 ɗin nan.

Ina roƙon WAEC da NECO su riƙa sa tambaya ko da ɗaya ce a kan wannan, domin abin da ke fitowa a jarrabawa shi malamai ke koyarwa.

Naku,
Wani malamin lissafi, Zariya