Zuwa ga Iyaye da Masu Riƙon Yara: Batun Darasin Tarihi da Ziyarar Gidan Makama

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Muna yi wa iyayenmu maza da mata barka da ƙoƙari, da fatan an shiga zangon nan lafiya.

Abin da ya sa na aiko da takardar nan tun ba a kai tsakiyar zango ba shi ne batun darasin Tarihi na 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Kun san an yi shekara fiye da goma ba a koyar da shi a matsayin darasi mai zaman kansa a ƙananan makarantun ƙasar nan, sai daga baya gwamnatin tarayya ta dawo da shi. Da yawa cikin yayyen yaran nan sun gama makaranta ba su taɓa jin sunan Sarkin Kano Muhammadu Rumfa a aji ba, alhali kullum suna wuce ƙofar gidan da ya gina. Ba na son haka ta faru da waɗannan.

Malaminmu na Tarihi, Allah ya saka masa da alheri, bai fara musu da haddar shekaru ba. Aikin farko da ya ba su shi ne kowa ya zauna da kakansa ko wani dattijon unguwa, ya tambaye shi yadda aka yi zuriyarsu ta zo inda take, wace sana'a aka gada, ya rubuto shafi ɗaya. Wata yarinya ta zo da anini mai huji a ƙulle a bakin gyalenta, na kakarta, ta bayyana wa 'yan ajinsu cewa kafin a shigo da naira da kwabo a 1973 da fam da sule ake ciniki. Yaran suka yi ta karɓa suna juyawa, suna leƙa hujin. Daga kan aninin nan malam ya kai su zuwan jirgin ƙasa Kano a 1911 da cinikin gyaɗar da ya biyo baya, ba wanda ya yi gyangyaɗi.

Amma akwai abin da ya ɓata min rai. Yara da dama sun dawo da littafi fayau, har wani ya ce an ce masa a gida labarin matattu ba ya kawo abinci, ya je ya yi lissafi. Haba iyayena! Lissafi muna koyar da shi, kuma ba mu rage masa ko minti ɗaya ba. Yaron da kuke so ya zama likita ko injiniya, cikin mutane zai yi aiki, kuma sai ya san su. Wanda ya san cewa Ayagi da Tudun Nufawa da Zangon Barebari baƙi ne suka kafa su, kasuwanci da neman ilimi suka kawo su har suka zama Kanawa, da wuya wani ya zuga shi a kan maƙwabcinsa. In kuna da ƙorafi a kan darasi, ofishina a buɗe yake. Kada a kushe malami a gaban ɗalibinsa.

Ranar Asabar ta makon gobe, in sha Allahu, za mu kai su Gidan Makama, gidan adana kayan tarihi na Kano. Za su ji yadda aka fara ganuwa a zamanin Sarki Gijimasu, yadda Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta ya kafa Kasuwar Kurmi, da yadda Turawa suka ci garin a 1903. In lokaci ya bari, za mu biya ta marinar Ƙofar Mata. A sa hannu a takardar izini a dawo da ita kafin Laraba tare da kuɗin mota. Wanda bai kawo ba ba zai hau mota ba, kuma a wannan karon ba zan saurari roƙo a bakin ƙofa ba.

Malamar Nazarin Zamantakewa ita ma ta cancanci yabo. Ta sa yara suna zana taswirar unguwarsu, suna gano aikin mai unguwa da dagaci da hakimi, da inda ya bambanta da na kansila da ciyaman. In yaro ya tambaye ku, a taimaka masa da amsa, amma kada a zana masa. Muna gane hannun babba.

Sauran batutuwa: ana rufe ƙofa ƙarfe takwas saura kwata, masu latti sun san kansu. Waɗanda ba su cika kuɗin zango ba, su ga ma'aji a wannan makon. Taron iyaye da malamai yana nan ranar Lahadin ƙarshen wata bayan la'asar, kuma muna son ganin iyaye maza, ba mata kaɗai ba.

Wassalam,
Shugaban Makaranta