Ba ku yi wa Ralph Branca adalci ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, shirinku na tarihin wasanni na ranar Asabar ya sosa min rai matuƙa. Mai gabatarwa ya kwashe kusan rabin sa'a yana koɗa Bobby Thomson, ɗan wasan baseball na ƙungiyar New York Giants, ya ɗora wa Ralph Branca, mai jifan ƙwallo na Brooklyn Dodgers, laifin faɗuwar ƙungiyarsa shi kaɗai, amma ko sau ɗaya bai ambaci madubin hangen nesa ba. Haba Malam!

Abin da ya faɗa ya faru, ban musa ba. Ranar 3 ga Oktoba 1951 a filin Polo Grounds, a wasan raba gardama na fitar da zakaran rukuninsu, Dodgers na da ci 4, New York Giants na da 1 a zagaye na tara, wato na ƙarshe. Giants suka ƙara ɗaya, aka fitar da mai jifan Dodgers Don Newcombe, aka kira Branca ya maye gurbinsa. A jifa ta biyu Thomson ya maka ƙwallo cikin 'yan kallo, bugun da ya ba Giants ci uku a lokaci guda, aka tashi 5 da 4. To amma ina sauran labarin? Tun watan Yulin shekarar, Giants sun ɓoye mutum da madubin hangen nesa a ɗakinsu da ke can ƙarshen fili. Yana leƙen alamar da mai cafe ƙwallo ke yi wa mai jifa da yatsu, sai ya danna ƙararrawa, a sanar da mai bugu irin jifar da ke tafe. Giants ɗin da Dodgers suka yi wa fintinkau da wasa 13 da rabi a watan Agusta su ne suka ci 37 cikin wasanninsu 44 na ƙarshe, suka kamo su. Jaridar Wall Street Journal ta tona asirin a 2001, wasu tsofaffin 'yan Giants suka amsa da bakinsu. Thomson ya ce shi bai karɓi alama a wannan jifar ba. Na bar masa. Amma ba don satar ba, anya ma za a kai ga wannan wasan?

Shekara goma sha bakwai ina tuƙa tasi a birnin nan na New York. Ba adadi na sauke fasinja a dogayen benayen da aka gina inda filin yake a da, kusa da titi na 155. Wani tsoho ɗan Brooklyn da na taɓa ɗauka ya ba ni labarin ranar, muryarsa na rawa kamar jiya abin ya faru. Na gane ciwonsa, don ni ma gola ne a ƙuruciyata a Damagaram. A wasan ƙarshe na gasar unguwanni aka zura min ƙwallo ana dab da tashi, alhali wanda ya ci ya yi satar gida, kowa ya gani. Aka manta da alƙalin wasa, aka manta da 'yan baya, ni aka riƙe. Wata biyu ban iya zama a majalisa ba. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, har kasuwa ana yi mata gori. Ni na unguwa ɗaya ke nan. Branca yana da shekara 25 ya ɗauki na ƙasa guda, ya yi shekara hamsin da shi a ka. Kuma mutumin nan yana cikin waɗanda suka tsaya wa Jackie Robinson, baƙar fatan da ya shiga Dodgers, a 1947, lokacin da wasu fararen 'yan wasa ke ƙyamar baƙar fata. Ya rasu a 2016, ba zai iya kare kansa ba. Ku dawo da batun mako mai zuwa, ku faɗi gaskiyar duka.

Sannan don Allah tallar maganin basir ɗin nan da kuke yanko mana a tsakiyar shiri sau uku ta isa haka. Layin wayarku ma, sau huɗu na kira daga nan, kuɗina suka ƙare, ba wanda ya ɗaga.

Naku,
Mai sauraronku daga Bronx, New York